Tafarnuwar da Ta Rage a Ƙwarya

Har yau idan na haɗu da mutanen Rara a kasuwa, kafin mu gama gaisawa sai wani ya tono zancen tseren nan, kuma har yau suna cewa ƙwace muka yi musu. Ni kuwa ban taɓa gajiya da ba su amsa ba. Gemuna ya yi fari, gwiwata tana ciwo, amma a kan wannan magana zan iya tsayuwa cikin rana har kasuwa ta watse.

A shekarun da aka fara sako ruwan madatsar Goronyo ne, lokacin da duk mai ɗan fili a fadama ya koma noman rani. Gonarmu ita ce ta ƙarshe a bakin kanal, hanyar ruwan da aka gina daga madatsar. Kafin ruwa ya iso gare mu na sama sun sha sun ƙoshi, sai ɗan abin da ba zai rufe idon sawu ba ya gangaro mana. Baba ya haƙa 'yar rijiya ya kafa jigo, yana ɗaga guga tun da sassafe har kafaɗunsa suka kumbura, duk da haka bakin ganyen albasarmu ya fara ƙonewa. Kowa ya san maganin abin, injin ban-ruwa ne, kuma ba mu da shi. Baba har ya fara zancen idan albasar bana ta mutu zai bar wa wani gonar. Gonar kakanmu ce, kuma duk lokacin da ya yi wannan zance sai tuwo ya fita daga raina.

Ana cikin haka wani Alhaji dillalin albasa ya dawo daga Sakkwato da labari a bakinsa. A gidan abokinsa ya ga tseren motoci a talabijin, irin wanda ake yini ana kwana ana kewaya hanya ɗaya, direba ya gaji ya sauka wani ya hau. Ya same mu a teburin mai shayi, mu 'yan kabu-kabun garinmu da na Rara masu zuwa ɗaukar albasa, muna musun da muka saba a kan waɗanda suka fi iya mashin.

"Ku duka ba ku san tsere ba," in ji Alhaji. "Ba wanda yar riga isowa ka ci ba. Wanda yaf fi yawan kewayo kahin lokaci shi cika, shi na gwani."

Aka yi masa ca. Alhaji mutum ne da ba ya son a ƙaryata shi, nan take ya ce zai sa sabon injin ban-ruwa kyauta ga wanda ya ci, a gwada a gani. Na dubi Yaya, wana da muke tuƙa mashin ɗaya, na ga ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Komai nasa a hankali yake yi.

Cikin kwana kaɗan aka tsara komai. Hanyar ita ce ta kan gaɓar kanal, wadda ta tashi daga gadar bakin gari ta kewaye gonaki ta dawo. Kowane mashin mutum biyu, suna karɓeɓeniya yadda suka ga dama. A fara da hantsi, a tsaya idan ladanin masallacinmu ya kira azahar. Wanda kiran ya riska a kan hanya ya ƙarasa kewayensa, a lissafa masa. Mai lissafi kuwa aka ce Malam ne, wani dattijo ɗan gidan malamai da mu da mutanen Rara duka muka yarda da shi, musamman da yake bai san gaban mashin da bayansa ba, balle ya so wani.

Malam ya zo da tasa dabarar. Kowane mashin aka ɗaura masa ƙyalle mai launi daban, aka ɗaura irinsa a bakin ƙwarya. Duk wanda ya wuce ta kan gada, Malam ya ɗaga faifai ya jefa masa kan tafarnuwa ɗaya a ƙwaryarsa ya mayar ya rufe. Ba mai leƙawa, ba mai ƙirgawa, sai an sallame salla. Ya ce idan aka bar ƙwarya a buɗe, kafin rana ta take tsaka an fasa wa wani kai.

Matsalata ɗaya a duniya ita ce Yaya. A duk ƙasar Wurno ba a yi mai sanyin tuƙi irinsa ba. Tsofaffi da masu ɗauke da ƙwai su ne fasinjojinsa, har akwai wata gyatuma da ke yin barci a bayansa. Abokai suna kiransa hawainiya, shi kuwa ko a jikinsa. Ni kuma a lokacin jinina yana tafasa, idan ban ji iska tana neman cire mini hula ba ban hau mashin ba. Ana gobe tsere ya zaunar da ni a zaure, yana ta shafa wa sarƙa baƙin mai.

"Gobe ba gudu za mu yi ba," ya ce. "Tahiya za mu yi wadda babu tsayawa. In nij ji ka murɗe totur, ni da kai na."

"Yaya, tsere fa anka ce."

"Na jiya. Kai dai yi abin da nic ce."

Baba ya fito ya same mu. Ya dubi mashin ɗin, ya dube mu, ya ce abin da muke cin abinci da shi za mu kai wasan yara, to shi babu ruwansa, kuma ko an ɗaure shi ba zai je kallo ba. Bai kuwa buƙaci zuwa ba, domin hanyar tseren ta bakin gonarmu ta bi, dab da jigonsa.

Ranar tsere gari ya cika ya batse. Mutanen Tursa sun zo, na Kwargaba sun zo, masu rake da fura da soyayyen kifi sun kafa kasuwa a bakin gada. Alhaji ya sha babbar riga yana ta kai da komo kamar shi ya haifi ranar. Ya dage sai an fara yadda ya gani a talabijin, wato a jera mashina a gefe ɗaya, mahaya su tsaya a ɗaya gefen, idan ya saki hularsa ƙasa kowa ya ruga ya hau nasa. Hula na faɗuwa sai ga ƙarti suna gudu da riguna a tattare. Wani ya bar takalminsa ɗaya, wani ya haye mashin ɗin da ba nasa ba yana ta buga kik, mai shi yana jan rigarsa ta baya. Yaya kuwa takawa ya yi. Wallahi takawa ya yi, ya tsaya ya gyara zaman hularsa, ya yi bisimilla, sannan ya tashi mashin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gwanin mutanen Rara wani dogon saurayi ne mai baƙin tabarau da jan ƙyalle, ya cire wa mashin ɗinsa salansa don a ji shi tun daga nesa. Ba zan ɓoye ba, yaron ya iya. Kafin Yaya ya kewayo sau ɗaya shi har ya kusa yin biyu, kuma duk lokacin da zai wuce mu sai ya danna hon ya ɗaga ƙafafunsa sama. Mutanensa suna ihu, 'yan mata suna guɗa, ni ina tsaye da galan ɗin fetur da mazurari, haushi kamar ya kashe ni.

Da rana ta fara ɗagawa sai hanya ta fara karɓar rabonta. Wani ɗan Tursa ya sha kwana da gudu ya zarce cikin kanal, shi da mashin, aka tsamo su suna ɗigar da ruwa, shi yana tambayar ko an jefa masa tafarnuwarsa. Injin wani ya yi zafi ya ƙame. Wani ɗan garinmu kuma innarsa ce ta tare shi a tsakiyar hanya da ƙunshin kayanta, ta ce tun jiya ya yi mata alkawarin kai ta suna Kwargaba. Ya yi magiya, ta ce ita ba ta san wani tsere ba. Haka ya ɗauke ta suka wuce ta kan gada ana ta dariya, Malam kuwa ya jefa masa tafarnuwarsa, ya ce ai ya kewayo.

Ɗan Rara ma ya fara biyan kuɗin gudunsa. Ƙaya ta fasa masa taya, aka kwantar da mashin mai faci yana ta fama. Ya tashi da wuta, sarƙa ta zame. Aka mayar, mai ya ƙare masa a can bayan gonaki sai da abokinsa ya bi shi da galan a guje. Duk tsayuwar da zai yi, Yaya zai zo ya wuce shi salun-alun, ya ɗaga masa hannu kamar masu haɗuwa a hanyar masallaci. Shi kuma idan ya tashi ya sake cim mana ya wuce. Tun ina iya riƙe lissafin a kaina har ya kwance mini, ban san wa ke gaba ba, kuma babu wanda ya sani.

Da aka zo kaina na hau, na yi biyayya, amma Allah kaɗai ya san abin da na haɗiye. Hannuna yana ƙaiƙayi a kan totur, duk lokacin da na iso gada sai in ga Yaya tsaye da ƙwaryar fura, yana yi mini alama da tafin hannu cewa in sassauta. A can ƙarshen hanya kuwa ga Baba a bakin jigo. Kewayona na farko ko ɗago kai bai yi ba. Na biyu ma haka. Can dai na lura guga yana daɗewa a sama kafin a juye shi, kuma idan na wuce ina jin idonsa a bayana. Daga baya har ya fara ɗaga mini haɓa, irin gaisuwar da yake yi wa wanda bai gama huce fushi da shi ba.

Rana ta zo tsaka, ƙasa tana turiri, mashina biyu kaɗai suka rage a hanya, namu da na ɗan Rara. Yaya ya karɓe ni, na zube a inuwar bishiyar dogon yaro ina shan ruwa. Ɗan Rara ya taho da ƙararsa, ya haye gada, Malam ya jefa masa tasa. Daidai nan iska ta kawo kiran salla.

Yaro ya taka birki ƙura ta tashi, ya diro ya ɗaga hannuwa sama. Mutanen Rara suka yi kansa, suka ɗaga shi a kafaɗa, wani ya juye masa tulun ruwa, makaɗi ya saki ganga. Yara suka tura mashin ɗinsa inuwa suna soka masa ganye. Kowa ya ga irin gudun da ya yini yana yi, ba wanda ya yi shakkar shi ya ci. Albasar Baba kawai nake gani, da kafaɗunsa. Na hango Yaya tafe da tafiyarsa ta kullum, na fita bakin hanya ina ɗaga masa hannu ya tsaya, an gama.

Bai tsaya ba. Da ya zo daidai ni sai ya nuna mini wani wuri da baki, ya wuce abinsa.

Na juya. A kan tulin buhunan albasa, ga ladanin masallacinmu a zaune, ya miƙe ƙafa yana shan rake.

Kiran da muka ji na ƙauyen ƙetaren gulbi ne. Su tun fil azal suna riga mu kiran azahar, ko yaron goye a garinmu ya san haka, kullum muna jin su mu ci gaba da aikinmu. Amma ranar duk wanda ke wurin kunnensa kiran salla yake jira, da ya ji kuwa bai tambayi daga ina ba. Dariya ta kama ni har na durƙusa. Don kada a ce ba a faɗa ba, Malam ya faɗa. Da kunnena na ji shi yana cewa, "Jama'a, ladan bai kira ba tukuna," har sau biyu, amma da muryar da yake biya wa ɗalibai karatu, ga ganga tana tashi. Ya gaji ya koma ya zauna kusa da ƙorensa.

Sai da Yaya ya sake kewayowa, tafarnuwa ta sake faɗawa ƙwaryarmu, wani tsoho daga Rara ya tsaya cak.

"Kai, mi wanga yaka yi har yanzu bisa hanya?"

Aka nuna masa ladan. Ban taɓa ganin an sauke mutum daga kafaɗa da sauri irin na ranar ba, kusan jefar da shi suka yi. Ɗan Rara ya ruga ga mashin, ya buga kik, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Sai Rara gaba ɗaya ta taru a bayansa tana turawa, har da makaɗin da gangarsa a rataye, mashin yana tari yana zubar da ganye, can ya kama da wata irin ƙara.

A nan ne abin ya zama hauka. Kowa ya yi kan ladan, amma ba wanda ya san abin da zai roƙe shi, tunda ƙore a rufe suke. Rabin mutanen Rara suna cewa ya yi maza ya kira tun suna gaba, rabi suna cewa ya dakata yaronsu ya rama abin da ya rasa. Mu ma haka muka rabu, har wani kawuna yana roƙonsa ya hanzarta da baki, yana kuma riƙe masa riga. Ladan ya gama shan gaɓar rakensa, ya sauko, ya tsaya a fili ya dubi inuwarsa, ya auna ta da tafin ƙafa yadda ya saba yi kullum.

"Da saura kaɗan," ya ce. "Ni ba don ku nika kira ba."

Ya nufi masallaci da tafiyarsa ta tsufa, jama'a suka bi shi a baya kamar masu rakiyar ango.

Yaya ya iso gada ya tsaya, ya sauka, ya riƙe mini mashin. Ya taɓa taya, ya girgiza tanki ya saurara.

"Tayu lahiya lau, mai ya isa," ya ce. "To, yanzu murɗe ta."

Ban jira ya sake faɗa ba. Yini guda ina haɗiye wannan gudu, na sake shi gaba ɗaya. Hulata ta tafi, ban waiwaye ta ba. Kanal yana walƙiya a gefena, ƙanshin albasa yana dukan hancina, ina ihu ni kaɗai ban san me nake cewa ba. Na kewayo, na haye gada, na sake miƙawa. Ina dab da gonarmu na ji muryar ladanmu, wannan karon tasa ce, da 'yar rawar nan da take yi a ƙarshe. Sai ga Baba. Mutumin da ya ce ko an ɗaure shi ba zai yi kallo ba, ya saki jigo, guga yana lilo, yana gudu a kan gaɓa da hula a hannu, taɓo har gwiwa, yana kaɗa mini ita yana cewa in tafi, in tafi. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Baba yana gudu ba. Dariya nake yi, hawaye yana bin kunnena saboda iska.

Saura ƙiris in kai gada na ji ƙarar nan a bayana. Ɗan Rara ya zo ya shafe ni ya wuce, ya riga ni hayewa. Mutanensa suka sake ɓarkewa da ihu, amma wannan karon ba wanda ya ɗaga shi, sai kallon ƙore ake yi.

Malam ya ce salla tukuna. Ya sa aka ɗauki ƙoren biyu a rufe aka ajiye a ƙofar masallaci. Allah ya yafe mana sallar ranar, domin na tabbata rabin sahu tafarnuwa suke gani. Ana sallamewa aka yi da'ira. Malam bai ƙirga ba, don kada a ce ya tsallake. Ya ce Alhaji ya ɗauko ɗaya daga tamu, tsohon nan na Rara ya ɗauko ɗaya daga tasu, a haɗa su a ajiye gefe, a yi ta yi har wata ta ƙare.

Aka fara. Ɗaya nan, ɗaya can. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ɓawon tafarnuwa. Tulin gefe yana girma, ƙore suna ramewa, ni ina riƙe da hannun Yaya ban sani ba, sai da ya ce zan karya masa yatsa. Tsohon Rara ya sa hannu ya ɗauko, Alhaji ya ɗauko. Tsohon ya sake sa hannu, ya lalaba, ya kewaya gindin ƙwarya da yatsu, ya ɗaga ta ya kife, babu abin da ya faɗo sai ɓawo. Alhaji ya karkato tamu kowa ya gani. Kai ɗaya ne a ciki, ɗan ƙarami ma, yana gangarawa.

Abin da ya biyo baya ban iya ba da labarinsa daidai, domin ni ma a sama nake, a kafaɗar mutane. Na dai tuna Yaya yana roƙon a sauke shi a hankali. Na tuna ɗan Rara ya cire tabarau ya daɗe yana kallon ƙwaryarsu, sannan ya fashe da dariya ya ce shi da kiran sallar ƙetare har abada. Shi ya ce a ɗaura injin a mashin ɗinsa ya kai mana gona, Yaya ya ce ya gode, amma injin sabo ne, shi zai kai shi.

Baba ya iso yana haki, taɓo ya bushe a ƙafarsa. Malam ya ɗauki ɗan kan tafarnuwar ya miƙa masa, ya juya shi a tafin hannu, ya jefa a aljihu.

Kafin la'asar mun kafa injin a bakin rijiya. Yaya ya ja igiya, inji ya kama, tiyo ya kumbura, ruwa ya tunkuɗo da ƙarfin da ya ba mu tsoro, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya har ya kai na ƙarshe, wanda guga bai taɓa ƙosar da shi ba. Baba yana tsaye kusa da jigonsa, hannuwansa a sake, ya rasa abin da zai yi da su. Can ya kwance igiyar guga, ya naɗe ta, ya rataye a kafaɗa, ya tsuguna yana kallon ƙasa tana shan ruwa. Zancen barin gona bai sake fitowa daga bakinsa ba.

Tafarnuwar nan ya soke ta a rufin ɗakinsa har lokacin shuka ya kewayo, ya ɓare ta ya dasa a fangalin ƙarshe, ya hana kowa taɓa abin da ta haifa sai da iri ya yi yawa. Baba ya daɗe da rasuwa, injin ma ya mutu an sake wani, amma tafarnuwar da muke nomawa a gonar har yau jikokinta ne. Shi ya sa idan mutanen Rara suka gama yi mini gardama a kasuwa, nakan ɗebo musu kai biyu ko uku in zuba musu a aljihu, in ce su kai gida a sa a miya.